Lauya da akanta a Saudiyya: ina kariyar doka ta fara, ina kuma ta tsaya?

Duk lokacin da aka ji an rufe wani shago a Balad ta Jidda, ko an gayyaci wani ɗan kasuwa ofishin Niyaba, wato hukumar masu gabatar da ƙara, a Makka, tambayoyi biyu ne ke yawo a majalisun mutanenmu. Ta farko: lauyan da ya tsaya wa wanda ake tuhuma, ko ya faɗi magana mai zafi a gaban alƙali, ana iya kama shi saboda aikinsa? Ta biyu ita ce ta fi taɓa mu: yaron da ke riƙe da lissafin shagon wani, idan lissafin ya fito na ƙarya, wuyan wa za a kama, nasa ko na maigida?

Amsoshin da ake bayarwa a majalisa kashi biyu ne, kuma duka biyun suna jefa mutane cikin rami. Wasu sun ɗauka lauya yana da rigar kariya irin wadda sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni, wato ba a taɓa shi. Wasu kuma cewa suke yi akanta ɗan aike ne, abin da aka ce ya rubuta shi ya rubuta, don haka babu ruwansa. Dokar Saudiyya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da take karewa shi ne aikin da aka yi bisa ƙa'ida, kuma da zarar mutum ya taka waje da ƙa'idar, shi da kowa ɗaya ne a gaban hukuma, wani lokacin ma hukuncinsa ya fi tsanani don ya san abin da yake yi.

Su wane ne lauya da akanta a idon doka

Dokar lauyanci, Nizamul Muhama, ta fito ne da umarnin sarki mai lamba M/38 a shekarar 1422 ta Hijira, wato 2001. Lauya a wurinta shi ne wanda sunansa ke cikin jadawalin lauyoyi masu aiki na Ma'aikatar Shari'a, yana riƙe da lasisi mai wa'adin shekara 5. Asalin sharaɗi shi ne ya kasance ɗan ƙasa. Baƙo da ya karanta shari'a yana iya aiki a ofishin lauya a matsayin mai ba da shawara, amma wannan daban, tsayawa a gaban alƙali daban.

A nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Akwai mu'aƙƙib, mai bin takardu daga ofis zuwa ofis, akwai wakili, akwai kuma wanda kawai ya iya Larabci ya san hanyar kotu. Duk ana kiransu lauya a unguwa. A da doka ta yarda wakilin da ba lauya ba ya tsaya wa wani a shari'a 1 zuwa 3, amma gyaran da aka yi a 2022 ya cire wannan rangwame. Abin da ya rage shi ne miji ko mata, suruki, dangi har zuwa daraja ta 4, wakilin kamfani na hukuma, waliyyi, wasiyyi da mai kula da waƙafi. Wanda ya yi sojan gona da sunan lauya, sashe na 37 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba, ko duka biyun. Kuma duk kariyar da za a yi bayani a ƙasa ba ta shafe shi ba. Kafin mutum ya miƙa takardunsa da sirrinsa, ya duba sunan lauyan a manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a; aikin minti kaɗan ne.

Akanta shi ma iri biyu ne. Akwai muhasib ƙanuni, mai lasisin binciken lissafi, wanda sa hannunsa ke sa banki da hukuma su yarda da bayanan kuɗin kamfani. Dokar sana'ar lissafi da bincike ta 2021, mai lamba M/59, ita ke tafiyar da shi, ƙarƙashin hukumar akantoci ta SOCPA, wadda dokar 1991 ta fara kafawa. Sai kuma akantan cikin gida, ma'aikacin albashi da ke shigar da ciniki, ya fitar da fatura (takardar shaidar ciniki), ya haɗa takardar haraji. Yawancin 'ya'yanmu da ke wannan aiki a kashi na biyu suke. Tun 2019 baƙon da igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke ɗauke da sana'ar lissafi sai ya yi rajista da SOCPA kafin a sabunta masa ita, amma rajistar ba ta mayar da shi muhasib ƙanuni ba, ba ta kuma ba shi haƙƙoƙin da wancan ke da su.

Abin da aka kare wa lauya

Zuciyar maganar tana sashe na 13 na dokar lauyanci. Ya ba lauya damar bin duk hanyar da yake ganin za ta fitar da wanda yake karewa, kuma ya hana a tuhume shi kan abin da ya faɗa ko ya rubuta a cikin shari'a, matuƙar haƙƙin kariya ne ya buƙaci hakan. Misali, ana rigimar bashin kaya tsakanin 'yan kasuwa biyu, lauya ya rubuta wa kotu cewa rasidin da abokin shari'a ya gabatar na jabu ne, ya nemi a kai shi ga masana. Ko da bincike ya nuna rasidin na gaske ne, ba a juyo a kama lauyan da laifin ƙazafi, domin ƙalubalantar hujja shi ne ainihin aikinsa. Da babu wannan sashe, babu lauyan da zai buɗe baki a kan mai ƙarfi.

Amma sashen da ke gabansa, na 12, ya ja layi. Lauya ba zai shiga rayuwar abokin shari'a ko ta lauyansa ba, ba zai yi zagi ba, ba zai yi zargin da ya taɓa mutunci ba. A wannan shari'ar ta bashi, idan ya ƙara da cewa mutumin ɗan giya ne ko gidansa ba tarbiyya, ya fita daga inuwar sashe na 13, don bashin kaya bai buƙaci wannan ba. Mutanenmu da yawa suna matsa wa lauya ya "fasa ƙwai" a kotu, ya tona asirin abokin rigima. Lauyan da ya ƙi ba tsoro ya ji ba, iyakarsa ya sani.

Sashe na 19 ya wajabta wa kotuna, Diwanul Mazalim (kotun ƙorafi a kan hukumomin gwamnati), ofisoshin gwamnati da masu bincike su sauƙaƙa wa lauya aikinsa, su bar shi ya duba takardu ya halarci bincike, kuma kada a ƙi buƙatarsa sai da dalili na shari'a. Dokar bin kadin laifuka ta 2013 ta ƙara ƙarfi a kan wannan. Sashe na 4 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin lauya tun daga bincike har zuwa shari'a. Sashe na 70 ya hana mai bincike raba shi da lauyansa da ke wurin, sai dai lauyan ba ya tsoma baki sai da izini, amma yana da damar miƙa bayaninsa a rubuce a saka a fayil. Sashe na 84 kuwa ya hana mai bincike ƙwace takardun da wanda ake tuhuma ya ba lauyansa don aikin kariya, da wasiƙun da ke tsakaninsu kan shari'ar. A manyan laifuka, wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya roƙon kotu ta naɗa masa a kan kuɗin gwamnati, kuma mutanenmu da ke tsare sau da yawa ba su san da wannan ba.

In aka duba da kyau, duk waɗannan an yi su ne don wanda ake karewa. Lauya shi ne kawai mai riƙe da su a madadinsa.

Inda kariyar ba ta kai ba

Ta tsaya a ƙofar kotu da ɗakin bincike. Abin da lauya ya rubuta a X ko ya faɗa a Snapchat game da abokin shari'a ba ya cikin kariya, dokar laifukan intanet ta 2007 ce ke jiransa: ɓata suna ta wannan hanya yana jawo ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki.

Sannan akwai horon sana'a. Kwamitin ladabtarwa, wanda ya ƙunshi alƙali da masana 2, ɗayansu lauya mai aƙalla shekara 10 a aiki, yana iya yin gargaɗi, ko tsawatarwa, ko dakatar da lauya har zuwa shekara 3, ko soke lasisinsa. Ana ɗaukaka ƙara zuwa Diwanul Mazalim. Daga cikin abubuwan da ke kai lauya gaban wannan kwamiti akwai: tsaya wa ɓangarori biyu a rigima ɗaya, watsar da shari'a a tsakiya ba da uzuri ba, sayen haƙƙin da ake rigima a kansa, da tona sirri.

Wani ruɗanin ya samo asali ne daga Masar, inda lauyoyi da akantoci da yawa da ke aiki a ofisoshin Jidda da Riyad suka fito. Dokar lauyanci ta Masar ta 1983 ta ce ba a bincikar lauya ko a caje ofishinsa sai ta hannun ɗan Niyaba, kuma wanda ya ci zarafin lauya a bakin aiki ana hukunta shi kamar ya ci zarafin alƙalin kotun. Dokar Saudiyya ta 2001 ba ta da irin waɗannan sassa. Wanda ya ji labarin Masar ya ɗauka haka yake a Saudiyya, ya yi kuskure.

Akwai kuma fagen da dole a faɗe shi ƙarara. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2017 ta ba Niyaba ikon taƙaita ganin lauya a lokacin bincike idan ta ga maslaha. A 2014 kotun laifuka ta musamman ta yanke wa lauya Walid Abul Khair ɗaurin shekara 15, kuma a wannan shekarar aka ɗaure wasu lauyoyi 3 na shekara 5 zuwa 8 kan rubutun da suka yi a Twitter suna sukar Ma'aikatar Shari'a. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun soki waɗannan hukunce-hukunce, suna kafa hujja da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan aikin lauyoyi da aka amince da su a Habana a 1990, waɗanda suka ce kada a tsoratar da lauya, kada kuma a ɗauke shi tamkar shi ne wanda yake karewa. Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce mai ɗaure ƙasa. Don haka kariyar da lauya ke da ita a shari'ar gado, bashi ko ta ma'aikata ba ita yake da ita a shari'ar da ta taɓa tsaron ƙasa ba, kuma dangin da ke nema wa ɗan'uwansu lauya a irin wannan shari'a su san dalilin da ya sa wasu ofisoshin ke noƙewa.

Sirri da halatta kuɗin haram

Sashe na 23 na dokar lauyanci ya hana lauya tona sirrin da aka ba shi amana ko ya sani ta hanyar aikinsa, ko bayan wakilcin ya ƙare, sai in rufewar za ta saɓa wa wani wajibi na shari'a. Wanda ya gaya wa lauyansa gaskiyar abin da ya riga ya faru don a kare shi, asirinsa a rufe yake, kuma ɓoye wa lauya gaskiya shi ne babban abin da ke kayar da shari'a mai kyau.

Amma neman lauya ko akanta ya taya ka aikata sabon abu wani zance ne daban. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta 2017, mai lamba M/20, ta sa masu aikin lauyanci da na lissafi cikin waɗanda dole su kai rahoto. Wajibin yana tasowa ne musamman idan suna shirya wa mutum sayen gida ko fili, riƙe masa kuɗi ko asusun banki, kafa kamfani, ko sayen wani kasuwanci. Dole su tantance ko wane ne abokin hulɗar, su san ainihin mai cin moriyar kuɗin, su ajiye bayanan shekara 10. Idan suka yi zargi mai dalili, su sanar da sashen binciken kuɗi da ke ƙarƙashin hukumar tsaron ƙasa, kuma haramun ne su tsegunta wa mutumin cewa an kai rahotonsa. A madadin haka doka ta ba su kariya ta zahiri: wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya, ba za a bi shi da laifin tona sirri ba, ko da daga baya kuɗin sun fito na halal. Hukuncin laifin kansa ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ne, ko tarar da ta kai riyal miliyan 5, ko duka biyun, kuma baƙo ana korarsa bayan ya gama. Saudiyya ta zama cikakkiyar mamba a FATF, ƙungiyar ƙasashe da ke yaƙi da halatta kuɗin haram, a 2019, ta farko a ƙasashen Larabawa, abin da ya sa sa ido ya ƙaru sosai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda yadda muke hada-hadar kuɗi. Ɗan kasuwa ya karɓi naira a Kano, ɗan'uwansa ya biya riyal a Makka, babu takarda sai amana. Kuɗin na iya zama na halal tsantsa, na guzurin alhazai ko na sayen zinare. Amma ranar da aka kai riyal dubu ɗari biyar tsaba ofishin akanta a ce ya shigar da su jarin kamfani, tambayar "daga ina" ba rashin kunya ba ce. In bai yi ta ba, shi za a tambaya.

Mai binciken lissafi da masu kamfani

Muhasib ƙanuni yana cikin wani hali mai wuya: kamfanin da yake bincika shi ke biyansa. Sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta fara aiki ranar 19 ga Janairu 2023, ta ba shi makamai don kada a juya shi. Yana da damar duba takardu da littattafan kamfani a kowane lokaci, ya nemi duk bayanin da yake buƙata. Idan aka toshe masa hanya, ya rubuta hakan cikin rahoto ga manaja ko majalisar gudanarwa. Idan ba a gyara ba, ya nemi a kira taron masu hannun jari, kuma in aka wuce kwana 30 ba a kira ba, shi da kansa yana iya kira. Masu kamfani suna iya sauke shi, amma dole a sanar da hukuma an sauke shi da dalilin saukewar cikin kwana 5, kuma yana da haƙƙin neman diyya idan akwai dalili. Wannan sanarwa ita ce ainihin kariyar, domin kamfanin da ya kori mai bincike ana dab da rufe lissafin shekara ya jawo wa kansa ido.

Nauyin da ke kansa ya yi daidai da makaman. Yana biyan diyyar duk ɓarnar da kuskurensa ya jawo wa kamfani, ko masu hannun jari, ko wani na waje da ya dogara da rahotonsa. Dole ya ajiye takardun aikinsa shekara 10. Idan ya sa hannu a kan bayanan da ya san ƙarya ne, dokar sana'ar lissafi ta 2021 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 2. Ko shiru laifi ne: dokar kamfanoni tana hukunta mai binciken da ya gano abin da ke kama da laifi bai sanar da shugabannin kamfanin ba. Girman ofis ba ya hana hukunci. Bayan rugujewar kamfanin gine-gine na Muhammad Al-Mojil, wanda ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a a 2008, hukumar kasuwar hannun jari ta dakatar da reshen Saudiyya na babban kamfanin binciken lissafi Deloitte daga binciken kamfanonin da ke kasuwar tun daga watan Yuni 2015.

Abin da ba a bin mai bincike a kansa shi ne asarar da kamfani ya yi ta kasuwa, ko yaudarar da aka ƙulla da gwaninta har bincike na ƙa'ida bai iya gano ta ba. Fayil ɗinsa ne zai nuna ko ya yi aikin: ya halarci ƙirgar kaya, ya nemi banki ya tabbatar da ma'aunin asusu kai tsaye, ya bi sawun manyan basussuka.

Akantan cikin gida da matsalar tasattur

Wanda ya fi kowa zama a fili shi ne akantan albashi. Ba shi da sashe na 13 irin na lauya, ba shi da ikon kiran taron masu kamfani, kuma idan baƙo ne, zamansa a ƙasar yana ɗaure da aikinsa.

A ɗauki shagon jallabiya da turare. Sijilin kasuwanci, wato takardar rajistar shagon, yana da sunan wani ɗan ƙasa da ke karɓar kuɗi tsayayye duk wata, ba ya ko leƙowa. Mai kayan na ainihi baƙo ne, katin bankin shagon yana aljihunsa, akwai cekin da aka sa wa hannu babu adadi a cikin durowa, ribar kuma tana zarcewa asusunsa. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, ga ƙwace dukiyar da aka samu, ga tarhil, wato kora daga ƙasar, ga baƙo. Wa'adin gyara da gwamnati ta bayar ya ƙare tun 16 ga Fabrairu 2022. Abin da yaranmu masu riƙe da lissafi ba su sani ba shi ne dokar ta ɗauki wanda ya zuga, ko ya taimaka, ko ya ba da shawara yana sane, a matsayin abokin laifi. Akantan da ke riƙe da littafi biyu, ɗaya na hukuma ɗaya na maigida, wanda kuma ke tura wa ɗan ƙasar "haƙƙin kafili" duk ƙarshen wata, da wuya ya ce bai sani ba. Lauyan da ya rubuta takardar ɓoye da ke tabbatar wa baƙon mallakar shagon shi ma ya shiga sahu.

Haka yake a haraji. Harajin ciniki ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ya koma kashi 15 a watan Yuli 2020, kuma rajista wajibi ce ga wanda cinikinsa ya wuce riyal 375,000 a shekara. A ce an sayar da kaya na riyal 100,000, harajinsu 15,000. Maigida ya ce a fitar da fatura ta 40,000, haraji ya koma 6,000, an ɓoye 9,000. Tarar kauce wa haraji tana farawa daga adadin harajin har zuwa ninki 3 na darajar kayan, kuma tana hawa kan kamfani ne da farko. Amma tun da aka shigo da faturar lantarki a Disamba 2021, aka kuma fara haɗa na'urorin shaguna da hukumar haraji ta ZATCA a Janairu 2023, kowace fatura tana barin sawu, kuma idan maganar ta kai ga jabun takarda, za a nemi hannun da ya rubuta. "Maigida ne ya ce" ba ta wanke mutum daga laifi. A irin wannan rana maigidan da ya ba da umarni da baki shi ne zai fara cewa yaron ya ci amanarsa.

Abin da akanta zai yi idan aka matsa masa

Matakin farko shi ne mayar da maganar baki ta zama rubutu. Idan Alhaji ya ce a rage adadi, a aika masa saƙo cikin ladabi ta imel ko WhatsApp: "Ranka ya daɗe, cinikin jiya 100,000 ne a takardar fitar da kaya, ba zan iya fitar da fatura da ƙasa da haka ba." Dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta karɓi saƙonnin waya da imel a matsayin hujja. Saƙon yana yin aiki biyu: yana nuna ƙin yarda da kwanan watansa, kuma sau da yawa shi kaɗai ke sa maigida ya janye.

Kada akanta ya ba kowa lambar sirrinsa ta shiga manhajar lissafi ko shafin haraji, kada ya yi amfani da ta wani, kada kuma ya bari kuɗin shago su bi ta asusunsa na kansa ko sau ɗaya, komai matsin ranar. Wannan na ƙarshe shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin yana farawa ne a matsayin taimako.

Ya ajiye umarnin da aka aiko masa da amsarsa, amma kada ya kwashe littattafan kamfani da jerin abokan ciniki ya zuba a wayarsa ko ya watsa a guruf. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba mai aiki damar korar wanda ya tona sirrin kasuwanci ba tare da haƙƙin ƙarshen aiki ba. Hanyar da doka ta buɗe ita ce kai rahoto ga hukumar da abin ya shafa: Ma'aikatar Kasuwanci a kan tasattur, ZATCA a kan haraji. Dokar tasattur ta umarci a ɓoye sunan mai rahoto, ta kuma ba shi ladan da ya kai kashi 30 cikin 100 na tarar da aka karɓa, in ba ya cikin masu laifin. Wanda kuwa ya riga ya tsoma hannu, idan ya kai kansa kafin a gano, kotu tana iya yafe masa. A 2024 an fitar da dokar kare masu kai rahoto, shaidu, masana da waɗanda aka zalunta, ƙarƙashin kulawar Niyaba, wadda ta ƙunshi ɓoye suna da kariya daga ramuwa a wurin aiki, sai dai an gina ta ne a kan manyan laifuka, ba kowace rigimar shago ba.

Idan aka kore shi don ya ƙi, sashe na 77 na dokar ƙwadago ya tanadi diyya matuƙar kwantiragin bai ƙayyade wata ba. Kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, don haka diyyarsa albashin watannin da suka rage ne, kuma ba za ta gaza na wata 2 ba. Mai albashin riyal 5,000 da ya rage masa wata 7 yana neman 35,000. In wata 1 ya rage, 10,000. Ana farawa da sulhu na kwanakin aiki 21 a Ma'aikatar Ƙwadago kafin a wuce kotun ma'aikata, ba a karɓar kuɗin shari'a daga ma'aikaci, kuma dole a shigar da ƙara cikin wata 12 daga rabuwa da aikin. Gaskiya wannan diyya ƙarama ce idan aka auna ta da abin da mutum ke asara, musamman mai iyali a unguwannin Hindawiyya ko Karantina na Jidda da ke biyan haya da kuɗin igamar yara. Amma ta fi ɗauri da tarhil nesa ba kusa ba.

Masu cewa a ƙara, da masu cewa ya isa

Lauyoyi da dama suna son a sa wa doka sassa irin na Masar: kada a caje ofis sai da wakilin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, kuma a tsananta hukuncin wanda ya ci zarafin lauya a bakin aiki. Hujjarsu ita ce ofishin lauya yana ɗauke da sirrin ɗaruruwan mutanen da ba su da alaƙa da binciken. Masu binciken lissafi kuma suna kokawa da diyyar da ke iya ninka kuɗin aikinsu sau da yawa. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa manyan almundahana ba sa yiwuwa sai da ƙwararren da ya tsara takardu, don haka duk ƙarin kariya ƙarin mafaka ne.

Maganar caje ofis tana da ƙarfi, domin wanda ake karewa a nan talaka ne mai fayil a cikin kabad. Rage nauyin mai binciken lissafi kuwa ba shi da wannan ƙarfin, tunda sa hannunsa shi ne abin da yake sayarwa. Giɓin da ya fi girma, wanda ba a cika magana a kansa ba, yana wurin akantan albashi: ana hukunta shi a matsayin masani, ana korarsa a matsayin ɗan aike.

Kuɗin aiki da takardun da ke hannun lauya

Akwai wata kariya da ke haddasa rigima tsakanin mutanenmu da lauyoyinsu fiye da kowace. Sashe na 22 na dokar lauyanci ya ce idan aiki ya ƙare lauya ya mayar da takardar wakilci da takardun asali, amma idan ba a biya shi ba, yana iya riƙe na asalin har sai an biya abin da ya wajaba. Sashe na 27 ya ba mutum damar sauke lauyansa duk lokacin da ya so, sai dai in ba da dalili na shari'a ya sauke shi ba, zai biya cikakken kuɗin da aka yi yarjejeniya, sai in kotu ta ga wani abu daban. Idan kuma babu yarjejeniya, kotu ce ke ƙiyasta ladan gwargwadon wahalar da lauyan ya sha da amfanin da aka samu.

Saboda haka a rubuta kwantiragi tun ranar farko: adadin kuɗi, kashi nawa za a biya a kowane mataki, ko ɗaukaka ƙara da aiwatar da hukunci suna ciki, da abin da za a biya idan aka yi sulhu a tsakiya. A taƙaita takardar wakilci a Najiz ga shari'ar da ake magana a kanta, kada a sa ikon karɓar kuɗi, yafe haƙƙi ko yin sulhu sai in da gaske ana son a ba da su. Duk takardar asali da aka miƙa, a karɓi rasidi mai jerin sunayensu, a kuma nemi a dawo da su da zarar an gama, domin bayan shekara 5 da ƙarewar aikin ba a sauraron ƙarar neman takardu daga hannun lauya, sai in an riga an neme su a rubuce ta wasiƙa mai rajista kafin wa'adin ya cika.